Tanka ce ko igwa? Fashin baƙi kan yadda babbar bindiga ta koyi tafiya a yaƙe-yaƙen ƙarni na 20

Tun da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a watan Fabrairun 2022, hotunan manyan motocin yaƙi masu dogon baki suka cika wayoyin jama'a, kuma kusan duk wanda ya tura ɗaya sai ya rubuta "tankar yaƙi" a ƙasanta. Da yawansu ba tankoki ba ne. Igwogi ne da aka ɗora a kan sarƙa ko a kan taya, irin su PzH 2000 ta Jamus da Caesar ta Faransa. Ruɗanin ya samo asali ne daga wani tunani da ya daɗe a zukatan mutane, cewa tanka da jirgin sama su ne ke cin yaƙi. To in haka ne, me ya sa Tarayyar Turai ta yi wa Yukren alƙawarin harsasan igwa miliyan ɗaya a 2023, ita kuma Rasha ta nufi Koriya ta Arewa neman nata? Amsar tana cikin manyan gumurzun ƙarnin da ya wuce, inda sojoji suka shafe shekaru suna fama da tambaya guda: yaya za a yi igwa ta bi sojan da take karewa?

Mene ne bambancin tanka da igwa mai tafiya?

Tanka an ƙera ta ne don ta kutsa tsakiyar fage, ta ga abokin gaba, ta harbe shi kai tsaye daga tazarar kilomita biyu ko uku. Shi ya sa sulkenta ke da kauri. Igwa kuwa galibi ba ta ganin abin da take harbi. Tana laɓe ne a bayan tudu ko cikin kurmi, kilomita goma, ashirin ko fiye, ta ɗaga baki sama, harsashin ya yi baka ya faɗo. Wani ne can gaba yake zama idonta, yana faɗa wa masu harbi ta waya ko oba-oba su ƙara gaba ko su karkata hagu. Sojojin da ke wannan aiki su ake kira 'yan atilare.

Ta fuskar motsi, akwai wadda ake ja, da doki ko tarakta ko lori, wadda sai an tsaya an kwance ta an kafa kafin ta yi harbi. Akwai mai injin kanta, wadda ke tsayawa ta yi ɓarin wuta ta tashi cikin 'yan mintoci. Akwai kuma rokokin da ake jerawa a bayan lori. Sai wata da ke tsakiyar tanka da igwa, wato igwar kutse, mai sulke amma kanta ba ya juyawa, wadda ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da sojojin ƙafa tana rushe musu duk abin da ya tare hanya.

Ciwon kan da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya haifar

Igwar zamani ta fara ne da ƙirar Faransa ta 1897, mai faɗin baki milimita 75. Kafin ita, duk igwar da aka harba sai ta zabura baya, a turo ta, a sake saita ta. Faransawa suka sa mata wata na'ura mai aiki da mai da iska wadda ke shanye zaburar, bakin ya koma mazauninsa da kansa. Ta haka ta riƙa tofa harsasai 15 a minti ɗaya, dawakai shida na janta da gudu. An ɗauka da irinta za a gama yaƙin 1914 cikin 'yan watanni.

Sai sojoji suka tona ramuka suka shige, suka kewaye kansu da waya mai ƙaya da bindigogi masu jigida. Ƙaramar igwa ba ta iya fasa wannan, dole aka koma ga manya masu nauyin tan da tan. Fiye da rabin waɗanda aka kashe ko aka raunata a fagen wannan yaƙi, igwa ce ta same su. Duk da haka ta kasa kawo ƙarshensa da wuri.

A bakin kogin Somme na Faransa a 1916, Birtaniya ta yi mako guda tana luguden wuta, harsasai sama da miliyan ɗaya da rabi. Jamusawa suka zauna a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa suka jira, da wutar ta ɗauke suka fito da bindigoginsu. A ranar 1 ga Yuli kaɗai Birtaniya ta yi asarar mutum 57,470, daga ciki 19,240 matattu. Ko a wuraren da aka samu kutsawa, sai wata matsalar ta kunno kai. Igwar fage a lokacin ba ta wuce 'yan kilomitoci a harbi. Da zarar sojan ƙafa ya zarce iyakarta, ya zama maraya. Kafin a matso da ita kuwa, sai dawakai sun ratsa ƙasar da ita kanta ta yi wa kaca-kaca, ramuka da taɓo har gwiwa. Shi kuwa mai tsaron gida layin dogonsa lafiya lau yake, cikin kwana ɗaya ko biyu ya kawo sababbin dakaru ya toshe ɓarakar.

Jamus ta ɗanɗana wannan da kanta. Ranar 21 ga Maris 1918, a ƙarƙashin tsarin wani gwanin atilare, Georg Bruchmüller, igwogi sama da 6,000 suka harba harsasai fiye da miliyan 3 cikin sa'o'i biyar. Sahun Birtaniya ya tsage, Jamusawa suka ci kusan kilomita 60, abin da ba a taɓa gani ba a wannan fage tun 1914. Cikin mako biyu tafiyar ta cije a kusa da Amiens, don igwogi da harsasai da abinci duk an baro su a baya.

Birtaniya ta riga ta gwada maganin abin tun 1917, ta ɗora igwa a kan sarƙar tanka. An ƙera guda 48, amma yawancinsu dakon kaya suka ƙare da yi. Inda aka fi samun ci gaba shi ne wajen gano maɓoyar igwar abokin gaba ta hanyar auna ƙararta da walƙiyar bakinta da hotunan jiragen sama. A harin Amiens na 8 ga Agusta 1918, kafin a fara an riga an san mazaunin 504 daga cikin igwogi 530 na Jamus.

Dawakan Hitila

Duk wanda ya saba ganin hotunan farfagandar Jamus zai rantse cewa sojojin Hitila a kan inji suka yi yaƙi. Gaskiyar ita ce ƙaramin ɓangare ne ke da motoci. Lokacin da suka afka wa Tarayyar Sobiyet ranar 22 ga Yuni 1941, sun shiga da tankoki wajen 3,500 da dawakai sama da 600,000. Igwar milimita 105 da yawancin rundunoninsu suka dogara da ita, dawakai shida ke janta, kamar dai a zamanin iyayensu. Tankoki su yi fintinkau su kewaye abokan gaba a Minsk ko Smolensk, sannan su tsaya jiran masu tafiyar ƙasa da igwoginsu. Da ruwan Oktoba ya sauka, hanyoyi suka zama caɓi, dawakan da suka gaji da yunwa suka riƙa faɗuwa a cikin ragama.

A Faransa a 1940 sun rufe wannan giɓi da jirgin sama. Da Guderian, kwamandan tankokin Jamus, ya zo tsallaka kogin Meuse a Sedan ranar 13 ga Mayu, manyan igwoginsa da dama na maƙale a cunkoson dajin Ardennes, sai jirage, ciki har da Stuka mai sulmiyowa ƙasa, suka yi aikinsu. Dabarar ta ci a ranar. Sai dai jirgi yana buƙatar sarari garau da sararin samaniyar da babu mai ja da shi, kuma bam ɗinsa na ƙarewa ya juya gida. Igwa ba ruwanta da hazo ko dare.

Saboda haka suka koma ga sarƙa. StuG III, igwar kutse da hafsan Jamus Manstein ya ba da shawararta tun 1935, an ƙera ta fiye da 10,000, ta zarce kowace tankar Jamus yawa, kuma 'yan atilare ne ke tuƙa ta. Igwogi masu injin kansu, Wespe mai milimita 105 da Hummel mai 150, sun shiga babban fage ne a Kursk a Yulin 1943. A ganina sun zo a makare, kuma ba su taɓa yawan da zai sauya lissafi ba. Jamus ta gama yaƙin kamar yadda ta fara shi, mafi yawan igwoginta a bayan doki.

Hanyar Sobiyet: a tara su da yawa, a tura wasu gaba

Ranar 14 ga Yuli 1941, a garin Orsha, aka fara jin wata ƙara da sojojin Jamus ba su saba da ita ba. Katyusha ce: dogayen ƙarafa a bayan lori, rokoki 16 masu milimita 132, duk su tashi cikin daƙiƙa goma ko ƙasa da haka, su tafi kimanin kilomita 8. Ba ta da saiti, kuma sake loda ta na cin lokaci. Amma tana da arha, masana'antar da ba ta iya ƙera bakin igwa tana iya ƙera ta, kuma kafin hayaƙin ya washe lorin ya bar wurin. Daga baya lorin Studebaker da Amurka ta aiko musu shi ya zama jakinta.

Sobiyet sun yi fice wajen tara igwogi a sirrance, su jibge su a ɗan ƙaramin yanki. Ranar 19 ga Nuwamba 1942, guda 3,500 suka yi minti 80 suna dukan sojojin Romaniya da ke tsaron gefen Jamusawa a arewa da Stalingrad. Bayan kwana huɗu an rufe zobe a kan Runduna ta Shida ta Jamus. Saboda wannan rana ce aka tsayar da 19 ga Nuwamba a matsayin ranar 'yan atilare a can. A Kursk, wanda ake yawan tunawa da shi a matsayin karon tankoki, Sobiyet sun girke igwogi manya da ƙanana sama da 20,000, da nakiyoyi, sahu bayan sahu. Su suka riƙa tsinke tankokin Jamus tun daga 5 ga Yuli, kafin arangamar Prokhorovka ta ranar 12.

Raunin Sobiyet shi ne ƙarancin rediyo da ƙwararrun masu lissafi. Wutar da aka tsara tun jiya tana sauka daram, amma in fage ya sauya da rana, juya ta na da wuya. Sai suka bi ta wata hanya: a saka igwa cikin akwatin ƙarfe, a tura ta gaba ta harbi abin da take gani. Haka aka samu SU-76, wadda aka ƙera wajen 14,000, samanta a buɗe, masu cikinta na shan ruwan sama da sanyi, da kuma manyan yayyenta SU-152 da ISU-152 masu rusa gini da harbi ɗaya.

Haɗarin dogaro da jadawali ya fito fili a tuddan Seelow, a ƙofar Balin, ranar 16 ga Afrilu 1945. Kwamandan Sobiyet, Zhukov, ya buɗe wuta da dubban igwogi tun kafin asuba. Kwamandan Jamus, Heinrici, ya riga ya karanci lokacin, ya janye mutanensa daga sahun farko cikin dare. Yawancin harsasan ramukan wofi suka daka. Sai da aka yi kwana huɗu ana zubar da jini kafin a wuce.

Hanyar Amurka da Birtaniya: oba-oba da taswira

Daren 23 ga Oktoba 1942, da ƙarfe 9:40, igwogi kusan 900 na Birtaniya suka buɗe baki lokaci guda a El Alamein ta Masar. A wannan fage ne M7 ta Amurka, igwa mai milimita 105 a kan sarƙar tanka, ta fara shiga yaƙi. Daga baya kowace rundunar tankokin Amurka ta samu irinta 54, waɗanda kuma ba su da injin kansu lori ko tarakta ke jansu.

Abin da ya fi injin muhimmanci an ƙirƙiro shi ne a barikin Fort Sill da ke Oklahoma a shekarun 1930: cibiyar sarrafa wuta. Wasu 'yan sojoji ne a tanti, da taswira da ma'aunai da wayoyi. Ɗan hange guda ya kira ya ba da wuri, su kuma su raba lissafi ga igwogi da dama da ke warwatse, kowace a gaya mata daƙiƙar da za ta harba, yadda duk harsasan za su dira tare, babu damar a ruga rami. Wato ko igwa ba ta gusa ba, wutarta na yawo.

Mortain ta Faransa ta nuna abin ƙarara. Ranar 7 ga Agusta 1944 Hitila ya tura tankokinsa su yanke Amurkawa ta wajen Avranches. Sojojin Amurka kimanin 700 suka tsinci kansu a kewaye a kan wani tudu da ake kira 314. Ba su da tanka, abinci da magani sun ƙare, amma daga saman tudun ana hango hanyoyin da Jamusawa ke bi, kuma akwai 'yan hange da oba-oba a cikinsu, batiran na ta yin sanyi. Dare da rana suna kiran wuta a kan duk ayarin da ya motsa. Har ta kai 'yan atilare suka zazzage cikin wasu harsasai, suka cusa bandeji da magunguna suka harba musu, ko da yake yawancin kwalaben sun farfashe. Aka kuɓutar da su ranar 12 ga wata, bayan an kashe ko an raunata wajen 300 daga cikinsu, tudun kuma bai faɗi ba. A Disambar shekarar, a tsaunin Elsenborn na Beljiyam, hazo ya hana jirage tashi, igwogin da aka tara ne suka tare hanyar da Jamus ta fi ƙwallafa rai a kanta.

A ina ake saɓani?

Masu goyon bayan igwa mai injin kanta suna cewa tana bin tankoki duk inda suka sa gaba, sulkenta na kare masu harbi daga ɓarɓashin harsashi, kuma tana tsere wa ramuwa. Masu ja da su suna cewa kuɗin guda ɗaya zai sayi da yawa na ja, tana shan mai, gada ba kowace ke ɗaukarta ba, kuma in injin ya mutu igwar ma ta mutu. Akwai kuma abin da ɓangarorin biyu suka yarda da shi: harsashin milimita 155 ɗaya ya haura kilo 40, don haka igwa komai gudunta ba ta fi lorin da ke kawo mata harsashi sauri ba.

Wani lokacin ma ba inji ake buƙata ba. A Dien Bien Phu ta Biyetnam a 1954, Faransawa suka kafa sansani a cikin kwari, da yaƙinin cewa ba mai iya hawa da manyan igwogi kan duwatsun da ke kewaye. Janar Giap, kwamandan mayaƙan Biyetnam, ya sa dubban mutane suka ja su da igiyoyi, taku bayan taku, aka tona musu koguna aka ɓoye. Da suka buɗe wuta ranar 13 ga Maris, kwamandan atilaren Faransa, Kanar Piroth, wanda ya yi ta cika bakin zai murƙushe su, ya kasa gano inda suke, ya kashe kansa da gurneti. Filin jirgin sansanin ya rufu, ranar 7 ga Mayu sansanin ya faɗi. Mu ma nan mun san irin wannan: ƙananan igwogi huɗu da Turawa suka zo da su Kano a Fabrairun 1903 irin waɗanda ake kwancewa ne gunduwa-gunduwa, 'yan dako su ɗauka a ka.

Yaƙin Oktoban 1973 ya ƙara wa masu son sarƙa ƙarfin hujja. Masar ta tsallaka mashigin Suwez ranar 6 ga wata a ƙarƙashin inuwar igwogi wajen 2,000. Isra'ila, wadda nasararta a kan ƙasashen Larabawa a 1967 ta sa ta raina komai ban da tanka da jirgi, ta tura tankoki su kaɗai ranar 8, sojojin ƙafa na Masar masu makamai masu linzami suka yi musu ɗauki ɗai-ɗai. Bayan yaƙin ta sayi igwogi masu tafiya da yawa. A Yaƙin Tekun Fasha na 1991 kuma Iraƙi na da igwogi na ja masu dogon zango, wasu ma sun fi na Amurka nisan harbi, amma ba ta da idon da zai nuna musu wuri. Na'urar radar ta Amurka na bin harsashi a sama ta gano inda ya fito, kafin masu harbin su tattara kaya rokokin M270, motar harba rokoki ta Amurka, sun sauka a kansu.

Yukren ta sake dagula lissafin. Jirage marasa matuƙa na shawagi dare da rana, abin da ya motsa a kan hanya shi aka fi saurin gani. Shi ya sa ake ganin ɓangarorin biyu suna tona wa igwogi rami suna lulluɓe su da raga, tamkar an koma 1916.

Me ya rage wa mutanen gari?

Igwar da ke iya zuwa ko'ina tana iya zuwa bakin kowane gari. Stalingrad da Warso da Balin sun zama kufai, kuma igwa na da babban kaso a ciki. A Aachen ta Jamus a Oktoban 1944 Amurkawa sun shigo da igwa mai milimita 155 cikin unguwa tana harbin gine-gine daga kusa. Sarajevo, babban birnin Bosniya, ta sha luguden wuta daga duwatsun da ke kewaye da ita tun daga 1992, a kiyasi harsasai sama da 300 kowace rana, a ranar 22 ga Yuli 1993 kaɗai an ƙirga 3,777.

Jikar Katyusha, wato Grad, wadda ta fito a 1963 da bututu 40 da take zazzagewa cikin daƙiƙa 20, ta bazu a ƙasashe da dama, har da na Afirka. Makami ne da aka ƙera don share fili mai faɗi, ba ya bambance bariki da kasuwa. Tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023, luguden igwa da rokoki a kan unguwannin Omdurman da El Fasher na cikin abubuwan da suka fi kashe fararen hula da raba su da gidajensu.

Sannan ba duk harsashi ke fashewa ba. Manoma a arewacin Faransa da Beljiyam har gobe garmarsu na tono harsasan 1914 zuwa 1918, su ajiye a bakin gona sojoji su zo su kwashe, kuma akwai filaye a kusa da Verdun da har yanzu aka hana noma da gini a kansu. Rokar M270 ta 1991 kowace ɗaya ƙananan bama-bamai 644 take watsawa, waɗanda suka ƙi tashi kuma yara da makiyaya ne suka fi cin karo da su. Wannan na cikin dalilan yarjejeniyar 2008 da ta haramta irin waɗannan makamai, wadda ƙasashe sama da 100 suka shiga. Amurka da Rasha da Sin da Yukren ba sa ciki.